Marin Omelko

Jirgin ruwan lokacin kaka ne ya kawo shi daga Odesa, tare da sauran kayan gwamnati: gari, kananzir, ƙusoshi da fursunoni.

A kurkukun Tihoye, can a tsibirin da ake kai fursunoni, duk sabon zuwa sai ya bi ta maƙera kafin a nuna masa makwancinsa, domin a duba marin ƙafarsa. Ni ke jan zuga-zugi a wurin. Kafin nan na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a wata makaranta a Herson, har ranar da aka tono wasu littattafai daga ƙarƙashin gadona. Hukuma ta auna ilimina, ta ga babu inda ya fi dacewa da shi kamar hura wuta. Maƙerin kuwa Gainulla ne, Batatare daga wajen Kazan, wanda ya kashe surukinsa da masaba, saboda haka ba a sha wahalar gano sana'arsa ba.

Yaron ne na ƙarshe a layi. An aske masa rabin kai kamar kowa, rigar fursuna ta sauko masa har ƙasa da gwiwa. Da aka ce ya ɗora ƙafa kan uwar maƙera, sai ya ɗaga ƙafar, marin ya yi zamansa a ƙasa. Tsummokaran da ya cusa a ciki tun daga jirgi ne suka zube. Ya yi wuf ya mayar da ƙafar ciki, kamar wanda wando ya suɓuce wa a kasuwa.

Tsakar gidan ta ɗauki dariya.

"Kai, wa ya manta ɗansa a jirgi?"

"A nemo masa nono!"

"Ɗan tsako, uwarka ta san ka fito?"

Dudaref, babban ganduroba, bai yi dariya ba. Shi mutum ne da ya yi imani da doka irin yadda wasu ke imani da Allah, wato saboda tsoro. Ya ɗauki marin ya juya shi, ya ce da Gainulla, "Marin da ke fita da kansa gudu ne. Ka ƙera masa nasa, daidai da shi."

"Sunanka?" in ji Gainulla.

"Omelko, Kawu."

"Shekarunka?"

"Alƙali ya ce sha huɗu."

"Alƙali ne ya haife ka?"

Ya auna idon sawunsa da zare. Washegari ya gama aikin, kuma ban taɓa ganin ya ɓata lokaci a kan mari kamar wannan ba. Ya rage nauyin sarƙar, ya goge cikin zobban da magagari har suka yi sumul, ya bar sarari na yatsa uku domin matashin fata da ake sawa tsakanin ƙarfe da jiki. Dudaref ya zo da hatiminsa, ya zura yatsu, ya girgiza kai.

"Ya yi faɗi. Da sabulu zai zare ƙafarsa. Rage."

"Yallaɓai, yaro ne. Zai girma."

"A nan? Da abincinmu?"

Har Gainulla sai da ya murmusa. Aka rage ya koma yatsa ɗaya da fata.

Kowane mari a wurinmu da ƙusa ake rufe shi. A zura ta da zafi, a dake kanta, sannan ganduroba ya ɗora hatimin mikiya ya buga. Ƙusa mai mikiya ba a sare ta sai da umarnin shugaban kurkuku, shi kuwa ba ya bayarwa sai a kan abu uku: wa'adin gwaji ya cika, ko mutum ya mutu, ko ya yi laifin da za a sauya masa mari da mafi nauyi. Wa'adin Omelko zai cika ne a bikin Ista na Kiristoci, karo na biyu bayan zuwansa. Ya tsaya yana kallon mikiyoyin nan biyu a ƙafafunsa, har da ɗan alfahari. Bai taɓa samun abin da aka yi dominsa shi kaɗai ba.

Da yake ba shi da ƙarfin da za a kai shi daji, sai aka sa shi kawo mana gawayi da ɗebo wa kicin ruwa. Tun daga nesa muke gane shi, domin ƙarar sarƙarsa ta fi ta kowa siranta.

Wata rana yana zuba gawayi na tambaye shi abin da ya kawo shi.

"Rumbun ciyawa na ƙona, Malam."

"Na wa?"

"Na wakilin gandu. Ya ƙwace mana saniya, wai ta ci masa alkama."

"Don ciyawa aka kawo ka ƙarshen duniya?"

"Akwai mutum a ciki. Mai gadi. Ya sha ya kwanta." Ya kakkaɓe hannuwansa. "Yakan ba ni tuffa."

Ban nemi ƙarin bayani ba. A tsibirin nan kowa na da mutum ɗaya a cikin rumbu.

A ƙauyensu, can wajen Poltaba, kiwon dinya yake yi, manyan agwagin nan masu dogon wuya. Uwarsa ta rasu yana tsare ana jiran shari'a. Wadda ta rage masa ita ce ƙanwarsa Horpina, da aka miƙa wa wata gwaggo mai saurin hannu. Da ya ji an ce ni malamin labarin ƙasa ne, sai ya zo ya tsuguna gabana ya ce in nuna masa hanya. Na baje toka a ƙasa, na zana masa da awartaki: ga tsibirinmu, ga mashigin ruwa, ga kogin Amur, ga tafkin Baikal, ga duwatsun Ural. Toka ta ƙare ban kai Poltaba ba, sai da na ƙaro.

"A ƙafa, shekara nawa?"

"Biyu, in kyarkeci ya ƙoshi, in 'yan sanda sun makance. Kuma kafin nan sai ka gama aikin hukunci, ka gama zaman dole a tsibiri. Sannan doka ba ta barin irinmu su koma lardinsu."

"Lokacin na yi gemu, Malam. Wa zai gane ni?" Ya dubi tokar. "Biyu kawai? Ai na iya tafiya. Dinya ba ta zama wuri ɗaya."

Ya shafa tafin ƙafarsa kamar mai shafa wuyan doki. Daga ranar, kowane mako sai ya sa na sake zana masa, har ya haddace sunayen garuruwa fiye da 'ya'yan attajiran da na koyar.

Burodin Tihoye rabinsa dusa ce, sauran kuma ban taɓa son sani ba. Miyar kifi mai gishiri kan yi warin da ke riga ta isowa. Manya suna ci suna zagi. Amma Omelko bai taɓa cin abinci kowace rana ba tun da aka haife shi. Ga burodi da safe, ga miya da rana, ga ƙanzon tukunya da mai dafuwa ke jefa masa. Jikinsa bai san cewa hukunci ake yi masa ba. Kafin ƙanƙara ta narke, hannun rigar da yake naɗewa ya daidaita. Muryarsa ta fashe. Lokacin da ciyawa ta fito, sai da ya cire matashin fata daga ƙafar hagu domin zoben ya matse, bayan ɗan lokaci ya cire na dama.

A tsakiyar watannin ɗumi Gainulla ya kira shi, ya gwada zura ɗan yatsansa ƙarami tsakanin ƙarfe da fata. Bai shiga ba. Fatar wurin ta saluɓe ta yi ja, ƙudaje na bi.

"Yallaɓai, zo ka gani," ya ce da Dudaref.

Dudaref ya sunkuya ya duba mikiyoyi. "Lafiyarsu ƙalau."

"Ba tsuntsayen ba, ƙafar."

"Ni na ce ya girma?"

"Ka ba ni izini in sare, in sa masa babba. Aikin rabin yini ne."

"In ba ka izini? Ni wa? Ina da 'ya'ya huɗu, Batatare. Ka je ka tambayi mai gida."

Shugaban kurkuku ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi muni, domin mugu yakan kula da kai. Hankalinsa na kan kokwambar da yake nomawa a ƙarƙashin gilashi a bayan gidansa, yana son ya nuna wa duniya cewa tsibirin na iya ciyar da kansa. Ranar da ya zo zagaye, Gainulla ya cire hula ya tura yaron gaba.

"Ranka ya daɗe, marin yaron nan ya yi masa kaɗan."

Shugaba ya leƙa daga inda yake tsaye. "Yaushe wa'adinsa?"

"Ista mai zuwa, ranka ya daɗe," in ji Dudaref.

"To ai ya kusa. In na fara sare ƙusa don an ce ta matse, gobe duk gidan nan ƙafarsu za ta kumbura." Ya dubi Omelko da fara'a. "Gwamnati ta ciyar da kai da yawa ke nan, ko? Sai ka rage ci, yaro."

Masu rakiya suka yi dariya, aka wuce. Raha ce kawai ya yi, na tabbata kafin ya kai ƙofa ya manta da ita.

A ɗakin kwana akwai wani tsoho, Foka, wanda ya shekara a kurkuku fiye da yadda ya shekara a waje. Shi ne likitan masu neman ciwo. Ya san abin da za ka sha ka yi zazzaɓi ranar aiki, da abin da za ka ɗura a ido ya yi ja, da yadda ake kumbura gwiwa da zaren da aka jiƙa a kananzir. Duk iliminsa na lalata jiki ne da gangan, kuma mutane na girmama shi saboda haka. Shi Omelko ya kai wa matsalarsa.

"Mai gida ya faɗa maka gaskiya, jikana," in ji Foka. "Burodi ne ke shiga ƙashi. Ka ci rabi. Ka sha taba da yawa, tana tsayar da tsawo. Ka ga 'yan birni da ke farawa tun suna ƙanana? Duk gajeru."

"Sauran rabin fa, Kaka?"

"Kawo in riƙa ajiye maka nesa da idonka."

Foka ya yi ƙiba a kakar nan.

Na lura ne ranar da yaron ya sauke buhun gawayi ya zauna a kai yana haki. Wuyansa ya zama kamar na dinyoyinsa. Da na ji abin da yake yi, na ce masa, "Wautar banza ce. Nama ne ke zubewa, ƙashi ba ya jin yunwa sai ya gama abin da ya fara. Na karanta wannan a littafin likitoci, ba a bakin ɓarawon doki ba."

"To littafin ya faɗi abin da zan yi, Malam?"

Bai faɗa ba. Masu rubuta littattafan nan ba su taɓa tunanin mari ba.

Gainulla ne ya ajiye masaba ya rufe ƙofar maƙera. "Zo nan, ɗan tsako. Hanya ɗaya ce, ka saurara. Gobe in ka je ɗebo ruwa, ka ajiye bokiti ka shiga daji. Kar ka yi nisa. Ka zauna bayan injin katako har su zo su same ka. Za a ce ka gudu. Za a yi maka bulala, ba za ta kashe ka ba, na san mai dukan, zan ba shi taba. Sannan a kawo ka nan in sare wannan in sa maka na manya, mai nauyi, mai faɗi. Ƙafarka ta sha iska."

"Shekara nawa za a ƙara mini?"

Gainulla ya dube ni. Na ce, "Biyar, wataƙila fiye. Gwajin kuma a fara daga farko."

"Biyar." Omelko ya girgiza kai. "Horpina za ta yi aure ta haihu ta mutu ban fito ba."

"Da wace ƙafar za ka je wurinta, jaki?" in ji Gainulla.

"Da wannan. Saura hunturu ɗaya, Kawu. Na daina girma, wallahi ina ji a jikina. Jiya ma zoben ya ɗan juya."

Ya juya, gaskiya ne, domin naman da ke wurin ya tafi. Wannan ɗan juyin shi ya gama da shi, don ya tabbatar masa Foka ya san aikinsa.

Da sanyi ya fara shigowa na buɗe akwatina. Matata Serafima ta biyo ni tsibirin nan da ƙafarta, ba wanda ya yanke mata hukunci, tari ya kashe ta a hunturunmu na biyu. Abin da ya rage mini nata shi ne safar ulu guda biyu da ta saƙa a cikin jirgi. Ban taɓa sawa ba. Na kai wa yaron, muka yi ta fama mu tura bakin safar ƙarƙashin zoben da tsinke. A ƙafar dama ta ɗan shiga. A ta hagu ko zare ɗaya ya ƙi wucewa. Muka naɗe ta daga sama, inda ba ta da wani amfani.

"Tana da laushi," in ji shi. "Matarka ta iya saƙa, Malam."

"Ta iya. Zaɓen miji ne ba ta iya ba."

A tsakiyar hunturu aka ce ana bukatar gumagumai don sabon barikin sojoji, duk mai tsayi ya fita. Dudaref ya bi layi yana duban kawuna, ya ga na Omelko ya kai kafaɗar na kusa da shi, ya ce ya shiga sahu. Babu dawakai a wannan aikin. Mutane ake ɗaura wa igiya a ƙirji, su ja gungume daga cikin daji a kan dusar ƙanƙara, a fita da duhun asuba a dawo da yamma. Wanda ya san aikin yakan cusa fata da tsumma da busasshiyar ciyawa tsakanin mari da jiki, domin a irin wannan sanyin ƙarfe na cizo kamar wuta. Omelko ba shi da inda zai cusa komai.

Ya yi kusan mako biyu yana ja. Ranar da aka dawo da shi, a kan gungumen aka ɗora shi, abokan igiyarsa suna ja suna zaginsa don ya ƙara musu nauyi.

Washegari da hantsi aka aiko daga asibiti a kira maƙeri. Gainulla ya ɗauki masaba da ƙarfen sara, ni na ɗauki ƙaramar uwar maƙera. Asibitin ɗaki ɗaya ne mai gadaje da warin ruɓa. Likita na can tashar jirgi, tafiyar kwanaki, sai mataimakinsa, wani dogon mutum mai rawar hannu in bai sha ba. Ran nan ya sha daidai.

Ya yaye bargo. Yatsun ƙafar hagu sun yi baƙi, tafin ya yi shuɗi, sama da shi kuma ya kumbura har zoben ya nutse a ciki, sai kan mikiya kawai ake gani.

"Ku cire mini wannan yanzu," in ji mai magani. "In jini ya sauka, yatsun kaɗai zan yanke. Zai yi ɗingishi amma zai yi tafiya."

Gainulla ya durƙusa ya saita ƙarfen sara a kan ƙusa. Sai ga Dudaref a bakin ƙofa, ƙanƙara a gashin bakinsa.

"Wa ya ba da umarni?"

"Ni," in ji mai magani.

"Kai ikonka ya tsaya a fata. Ƙarfe na mai gida ne."

"To kira mai gidan!"

"Ya tafi tashar jirgi bikin Kirsimeti. Hanya ta toshe. Sai ta buɗe."

"Kafin ta buɗe ƙafar ta mutu, Dudaref."

"Ni ban hana ku ba," in ji Dudaref. "Ku sare. Amma zan rubuta abin da na gani. Ƙusa da aka sare ba umarni, gudu ne. Maƙeri a ɗaure shi da sarƙa a jikin baro dare da rana, yaro a ƙara masa shekaru. Ba ni na yi dokar ba."

Gainulla ya miƙe tsaye a hankali da masaba a hannu. Ya dubi Dudaref, ba a ido ba, a goshi. Duk wanda ke ɗakin ya san abin da ya kawo shi tsibirin. Dudaref ya ja baya taki ɗaya, ya ɗora hannu kan bindigarsa. Sannan Gainulla ya sauke numfashi, ya koma ya durƙusa, ya sake saita ƙarfen.

"Baro ba zai kashe ni ba," in ji shi. "Malam, riƙe ƙafar."

Omelko ya janye ta. Ban san inda ya sami ƙarfin ba. Ya naɗe ta ƙarƙashinsa, ya rungume gwiwa da hannu biyu.

"Kawu, kar ka sara."

"Miƙo ƙafar nan, ɗan banza."

"Saura kaɗan Ista. Na kai nan, Kawu. Na yi yunwa, na yi komai. In ka sara, duk ya tashi a banza."

"Za ta ruɓe!"

"Ba za ta ruɓe ba. Tana mini ƙaiƙayi. Kaka Foka ya ce in tana ƙaiƙayi warkewa take yi."

Na yi masa magana da hankali, mai magani ya yi masa da zagi, Gainulla ya yi masa da yarensu na Tatar wanda ba mai ji. Muna iya danne shi, mu uku ne. Amma ba ƙafar kaɗai ce tasa ba, shekarun ma nasa ne, kuma yana kuka yana kiran sunan ƙanwarsa. Gainulla ya tattara kayansa muka fita.

Bayan kwana kaɗan baƙin ya haura zoben. Mai magani ya shayar da shi barasa, ya sa zarto ƙasa da gwiwa. Wannan bai bukaci umarnin kowa ba.

Da aka gama, sai da aka yi dabara kafin a raba zoben da abin da ke cikinsa, domin sarƙar na haɗe da ɗaya ƙafar, ba a binne kayan gwamnati. Dudaref ya karɓi zoben, ya goge shi da tsumma, ya kai shi kusa da taga ya duba. Mikiya na nan ba ko ƙwarzane. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ɗaure wofin zoben a ɗamarar yaron da igiya, don kada ya riƙa jan ƙasa, ya kuma ja masa bargo ya rufe shi da kyau.

Omelko bai mutu ba. Ƙafar dama ta tsira da yatsa uku, wataƙila albarkacin safar Serafima, wataƙila ba haka ba. Shugaba ya dawo, aka gaya masa, ya ce abin tausayi ne, ya aika masa da kokwamba mai tsami guda biyu.

Ranar Ista aka karanta sunayen waɗanda wa'adinsu ya cika. Ana ta buga ƙararrawar coci, ana sumbatar juna, matan ganduroba suna raba dafaffen ƙwai mai launi. Aka shigo da Omelko maƙera a kan sanduna biyu. Ya ɗora ƙafar dama a kan uwar maƙera, Gainulla ya sara sau ɗaya, ƙusa ta yi tsalle ta faɗa cikin toka. Ya miƙa hannu zai kwance ɗaya zoben daga ɗamara.

"Wancan ma," in ji Dudaref. "Umarnin ƙusa biyu ya ce."

Gainulla ya ɗora wofin zoben a kan ƙarfe, ya sare ƙusarsa. Dudaref ya tsince su duka biyu ya sa a aljihu, ya ɗauki marin ya auna shi a hannu.

"Aiki mai kyau," in ji shi. "A kai ma'aji. Jirgi na zuwa."

Kafinta ya sassaƙa wa yaron ƙafar katako, Gainulla ya sa mata ƙarfe a ƙasa don kada ta cinye. Tun da ba ya iya ɗaukar gawayi, aka ba shi kiwon dinyoyin matar shugaba a bakin rafi. Yanzu yana cin duk abin da aka ba shi, har da na wasu in sun juya baya. Foka ya ce yaron ba shi da godiya.

Da kaka ta zagayo Omelko ya shigo mana yana tafiya a karkace.

"Kawu, ta gajarce."

Gainulla ya auna da zare, ya aika wa kafinta a yi wata. Katako dai ba a buga masa hatimi.

Omelko ya zauna kan buhun gawayi yana jira, ya ciro burodi daga ƙirjinsa yana ci. Tun da ya fito daga asibiti bai sake cewa in zana masa hanya ba. Ran nan toka ta taru da yawa a gaban murhu, ni kuma hannuna ya saba, sai na baje ta, na ɗauki awartaki na ja tsibirin da mashigin ruwa. Na kai kogin Amur ke nan ya ce, "Bari, Malam."

"Akwai masu zuwa da keken doki, in mutum ya sami mai ɗaukarsa."

"Wa ke ɗaukar irina bai tambayi takarda ba?" Ya haɗiye loma. "Mai ƙafa biyu shi ke kwana a daji ya tashi ya bi ta bayan gari. Ni ko kare ba zan tsere wa ba."

Ya miƙa gajeriyar ƙafar katakon, ya share tokar da bakin ƙarfenta, a hankali, tun daga Amur har tsibirin. Daga bakin rafi dinyoyi suka ɗauki kuka. Ya cusa sauran burodin a baki, ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya fita ya ga abin da ya taɓa su.